Zan sa wa kwalekwalena tamfol don iska ta tura ni, ina neman shawara

Ɗan Hinna: Assalamu alaikum. Ina sana'ar su a dam ɗin Dadin Kowa, ni kaɗai nake shiga tunda ƙanina ya tafi makaranta Gombe. Kwalekwalen katako ne, ƙafa 18, gindinsa a shimfiɗe. Ba ni da kuɗin inji, filafili kuma ya gama min kafaɗa. Ina so in kafa gora in ɗaura tamfol. Wane tsayi ya dace, kuma me mutum ɗaya yake buƙata a ciki?

Alhaji Mai Kifi: Ƙanina ka tara kuɗi ka sayi Yamaha mai doki 15 ka huta.

Ɗan Hinna: Alhaji ai na ce ba hali. Ko an ba ni kyauta, tun cire tallafin 2023 wa ke iya ciyar da shi fetur?

Baba Na Yauri: Na yi shekaru a ruwan Kainji, buhunan taki muke ɗinkewa, sun fi tamfol rashin nauyi. Gorar kada ta wuce rabin tsayin jirgin, ka kafa ta can gaba, a ramin katakon zama. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya yankar iska, gefe yake zamewa, sai ka saƙala faffaɗan katako a gefe ya nutse cikin ruwa. Igiyar jan tamfol ɗin kuma a hannu take zama. Kada ka taɓa ƙulle ta.

Sarkin Aska: In iska ta ɗauke sai ka kira ni in zo da mafici 😂

Abu Nafada: Maganar igiya ta tayar min da ciwo. Ni da yayana ne, farkon damina, mun ɗaura zani muna dawowa da yamma. Ya ƙulle igiyar a ƙafar kujera don ya kwashe ruwa. Hadari ya taso daga gabas, kafin ya kwance ƙullin jirgi ya kife. Ni na rungumi jarka, shi kalli, ragar kamun kifi, ya naɗe masa ƙafa. Sai washegari aka same shi. 'Ya'yansa huɗu suna hannuna yanzu, kuma har yau ban iya cin kifin dam ɗin nan ba. Kai da za ka shiga kai kaɗai, wa zai yi maka ihu?

Hajiya Mai Shago: Innalillahi. Allah ya jiƙansa, ya raya marayu.

Baba Na Yauri: Amin. Shi ya sa na ce a hannu. Ka ɗaure jarkoki biyu marasa komai a ciki, wuƙa a ƙugu, waya a leda, rigar ruwa mai hana nutsewa a jiki ba a ƙarƙashin kujera ba. Ka fara koyo da hunturu a bakin gaɓa.

Alhaji Mai Kifi: Rigar ruwa dubu 9 na saya a Gombe.

Abu Nafada: Alhaji wannan ta yara ce. Ni dubu 22 aka ce min.

Malamin Firamare: Da girmamawa Baba, Kainji daban, kogin Gongola da dam ɗin nan yake kai daban. Ɗan Hinna ya tambayi Sarkin Ruwa, su suka san inda kututtura suke.

Baba Na Yauri: Malam ka taɓa riƙe filafili?

Malamin Firamare: Ban taɓa ba Baba, amma a bakin ruwan aka haife ni.

Ɗan Gwani: Ku bar batun iska, dorina fa? Jirgi mai tamfol ba ya juyawa da wuri in ta taso gabanka. Bara sun cinye min shinkafa dare ɗaya, mun kai kuka har mun gaji, ko buhu ɗaya ba a ba mu ba.

Hajiya Mai Shago: Mu masararmu suka tattake. Kuma an ce kada a taɓa su.

Ɗan Hinna: To Baba, katakon gefen, da ƙusa ake kama shi ko da igiya?

Ɗan Gwani: Jiya ma an ga uwa da ɗanta kusa da mashigar mu.