Wai poli juji ce?

Abban Sadiq: Jama'a ku ji wani abu. Ƙanina ya ci 176 a JAMB, jarrabawar shiga manyan makarantu, Baba ya ce ya tafi poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha. Na ce gara ya sake zana jarrabawar baɗi da ya faɗa jujin da ake zubar da waɗanda jami'a ta ƙi. Tun jiya Baba ko gaisuwata ba ya amsawa.

Injiniya Tudun Wada: Juji ka ce? A poli na yi ND (ƙaramar difloma) shekara 2, na yi shekara guda a wurin koyon aiki, na koma HND (babbar difloma) shekara 2, na yi bautar ƙasa da kaki irin na mai digiri. Wane juji ake fitowa daga cikinsa da kaki?

Maman Ilham: Ai a juji ake ɗiban taki, da takin kuma gero ke yin zangarniya.

Ɗan Samaru: Hajiya, taki dai sunansa taki. Mu a ABU, Jami'ar Ahmadu Bello, tun bayan kafa ta a 1962 ake yaye manya.

Injiniya Tudun Wada: Manyan da suka yi wata 8 a gida a 2022 saboda yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a? Lokacin ba kai ke sayar da data a bakin titi ba?

Ɗan Samaru: Ni ne. Kuma har yau ina bin ka dubu biyu.

Malama Hauwa: Mu 'yan NCE, masu takardar shaidar malanta, ko a juji ba a sa mu ba. Shekara 3, babu kaki, amma mu muka koya muku rubuta sunanku.

Yaya Bala: Abban Sadiq, yaron zai iya yin ND, in sakamakonsa ya yi kyau ya shiga jami'a aji biyu kai tsaye. Shi me yake son karanta ma?

Injiniya Tudun Wada: Ɗan Samaru, dubu ɗaya ce, kuma data ɗin ba ta shigo ba.

Abban Sadiq: Ni fa ban ce juji da nufin zagi ba.

Maman Ilham: To da nufin yabo ka faɗa, ɗana?

Shugaban zaure (HND, lantarki): An rufe. Kowa ya gani, an tabbatar poli ta fi, Ɗan Samaru ya kasa kawo hujja sai bashi. Abban Sadiq, ka je ka durƙusa wa Baba, ka janye kalmar nan.