Neman kalma: me za mu kira "tachometer" da Hausa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Jama'a, ana neman kalmar da za ta tsaya a madadin "tachometer", wato na'urar da ke nuna yawan juyin inji a minti. Rubutun da za ta shiga bayani ne kan wayarin filogi na injin Wankel, wato Mazda 13B, wanda masu haɗa ƙananan jirage da hannunsu a Amurka ke cirowa daga motar RX-7 su ɗora wa jirgi. Uku ne a gabana: takomita, agogon gudu, ma'aunin juyin inji. Wacce ta fi?

Makanike:
Wa alaikumus salam. Malam, fara cire "agogon gudu". Duk direban da ya ji ta zai ɗauka mai nuna kilomita ake nufi, kuma jirgi yana da nasa agogon na gudun iska daban. Tunda muna cewa agogon mai da agogon zafi, ni "agogon juyi" nake gani. Sai dai a wannan injin dole a faɗi juyin mene ne, don abu uku ke juyawa kuma kowane da lissafinsa. Babu fistin a ciki, rota biyu ne masu kusurwa uku. Shaf ɗin tsakiya yana juyawa sau uku kafin rota ya zagaya sau ɗaya. Farfela kuma tana bayan giya mai rage juyi, galibi 2.17 ko 2.85. To idan shaf yana 6,000 a minti, rota yana 2,000 ne, farfela kuma wajen 2,765 a giyar 2.17. Juyin shaf ɗin agogon ke nunawa.

Mai wayarin:
Na yarda da Oga, amma a sani agogon nan ba ya ganin juyi da idonsa. Bugun wuta yake ƙirgawa ya raba, kuma daga nan yawancin matsala ke tasowa. Kowane rota yana tashi sau ɗaya a juyin shaf ɗaya, biyu kenan a 13B, daidai da injin mota mai silinda huɗu. Shi ya sa ake saita agogon a kan 4.

Saitin yana daidai ne kawai idan wayar da aka ɗauko tana ɗauke da bugu biyu a kowane juyi. Kowane rota yana da filogi biyu, ɗaya yana fara tashi, ɗaya yana biyo baya. A tsarin RX-7 na 1986 zuwa sama, koyil (mai tura wuta ga filogi) na filogan da ke fara tashi yana harba duka biyun tare a kowane digiri 180, bugu biyu kenan, lafiya lau. Koyilan filogan da ke biyo baya kuwa kowane sau ɗaya yake harbawa a juyi. Haka ma injin Renesis na RX-8 mai koyil huɗu, kowane filogi da nasa. In ka ɗauki waya daga ɗaya cikin waɗannan ka bar saiti a 4, allura za ta nuna 3,000 alhali inji yana 6,000. Rabi cif ko ninki cif, lissafin bugu ne, kada a kwance komai.

Idan allura ta kwanta ba ta motsi, duba irin koyil. Tsohon agogo yana jiran tsallen wuta mai ɗaruruwan bolt daga negatif na koyil. Koyil irin na LS1, wani injin mota na kamfanin GM, da ake yawan sa wa waɗannan injina, sigina ce ta bolt 5 ke tashe shi, agogon ba zai ji ta ba. A ɗauko daga wayar agogo ta kwamfutar inji, kuma wasu kwamfutocin sai an sa musu resista, kamar kilo-om 1 zuwa 10, tsakanin wayar da bolt 12.

Idan allura tana rawa, hayaniyar wuta ce. Wayar sensa ta shaf ta zama mai igiya biyu a murɗe da raga a bayanta, a haɗa ragar da negatif a ɓangaren kwamfuta kaɗai, a nisanta ta da wayoyin filogi, inda dole su haɗu su gitta kada su jeru. Negatif na koyiloli ya sauka a jikin inji da kunne mai tsabta.

Malamin Hausa:
Allah Ya saka da alheri, Injiniya. Bayaninka ya nuna inda "takomita" ta gaza: tana da sauƙin faɗa, amma ba ta gaya wa sabon shiga komai. "Ma'aunin juyin inji" daidai take a nahawu, ta dace da kanun littafi, sai dai ba wanda zai tsaya faɗin kalma uku yana riƙe da sukundireba. "Agogon juyi" ta zauna a baki. Amma na lura kana kewaye wajen kiran filogan nan biyu. Me zai hana a ce na gaba da na baya?

Mai wayarin:
Ranka ya daɗe, wannan zai jawo a sauya waya. Gaba da baya sun riga sun zama sunan rota biyun, kuma kowane rota yana da filogi biyu, masu alamar L (mai fara tashi) da T (mai biyo baya). "Na ƙasa" da "na sama" ma ba za su yi ba: a mota L ne a ƙasa, amma wasu masu jirgi suna kwantar da injin filogai su kalli sama. Ina ba da shawarar "jagora" ga L, "mabiyi" ga T. Ana ba kowane rukuni fiyus da makunninsa don a gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin tashi: kashe mabiyi, juyi ya ɗan ragu, kashe jagora, ya ragu sosai. In agogon yana shan sigina daga koyil ɗin jagora, da ka kashe shi allura za ta faɗi sifili ko da inji yana aiki, kuma a daidai lokacin ake buƙatar karatunta.

Makanike:
Jagora da mabiyi sun yi. Ƙari ɗaya: na hannu mai karanta farfela da haske shi ma agogon juyi ne, sai a ce "na farfela". Da shi ake tantance na cikin jirgi, a ninka abin da ya nuna da lambar giya. Shi kansa ana gwada shi da doguwar fitila mai farin haske: a saitin fiffike biyu zai nuna 3,600 a wutar Amurka mai hez 60, a tamu mai hez 50 kuma 3,000.

Mai tambaya:
Na gode, malamai. Zan rubuta "agogon juyin shaf" a ambato na farko, daga nan "agogon juyi", tare da filogin jagora da filogin mabiyi. Saura sunan giyar da ke tsakanin inji da farfela, zan buɗe mata nata zaren.