Kallo ya bar falo ya koma waya, ku da ke cikin harkar ya ake ciki?

Abban Sadik, Kurna:
Salam 'yan uwa. Yarona ya gama sakandare ya nace shi aikin talabijin yake so, ni kuma ina duba gidana TV ɗin ma sai in ana ƙwallo ake kunna ta, kowa ya duƙufa a wayarsa. Don Allah waɗanda ke cikin harkar ku gaya min gaskiya, akwai abinci a ciki ko in lallashe shi ya nemi wani abin?

Mai saita dish, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aiki bai mutu ba amma ya canja kama. Da can eriya muke ɗaurawa a dogon ƙarfe, yaro na sama yana juyawa ana ihu daga ɗaki ya yi ya yi, hoto na yayyafi amma a haka ake kallo. Dijital ba ta san wannan ba, ko hoto ya fito tas ko ya daskare cak, shi ya sa sai da mita nake hawa rufi, LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish mai karɓo sigina, ya ɗan goce kaɗan tasha ta ɗauke. Tun da aka kawo FreeTV, tsarin talabijin na dijital na gwamnati, Kano a 2021 mutane ke tambayar dikoda, amma wlh yawancin kwastomomina na yanzu ba biyan wata suke so ba, tashoshin kyauta suke nema, na wa'azi da Arewa24 shikenan. Ni dai na haɗa da sola da CCTV, in ba haka ba da tuni na rufe shago.

Maman Ilham, Gwammaja:
Allah sarki zamanin CTV, tashar talabijin ta jihar Kano, kafin ta koma ARTV, bayan isha'i duk yaran layi a tsakar gidanmu kan tabarma, Baba ya fito da TV waje. Yanzu ni da kaina a YouTube nake kallon shiri mai dogon zango saboda lokacin da ake haskawa ko babu wuta ko ina kicin, da dare in sayi data in kalla. Abin da ke damuna yara, da tare muke kallo na san me suka gani, yanzu kowa da iyafis a kunne.

Mai tura fim, Farm Centre:
Gaskiya ne Hajiya. Mu ma da muka gaji 'yan kaset na Ƙofar Wambai yanzu kasuwar ta ja baya, mai data ba ya zuwa a tura masa a memori.

Edita, Zoo Road:
Baba ka bar shi ya yi, amma kar ya sa rai da kujera a gidan talabijin, guraben kaɗan ne. Aikin da ake nema yanzu shi ne wanda zai iya ɗauka, ya tace bidiyo a manhajar Premiere, ya gyara sauti, ya kuma haɗa shiri kai tsaye da manhajar vMix ko OBS a tura Facebook da YouTube lokaci ɗaya. A azumi kaɗai masu wannan aikin ba sa zama saboda tafsiri, ga biki ga taron siyasa. Sauti nake jaddadawa don mutum zai jure hoto mara kyau amma murya na ƙara ko tana amsa-kuwwa zai wuce, kuma masu iya sautin su ne suka fi ƙaranci a garin nan. In zai yi karatu akwai tsangayar sadarwa a BUK, sai dai tun yana aji ɗaya ya liƙe wa wani situdiyo ko da ɗaukar waya da riƙe fitila ne. Kuma a gaya masa YouTube ba ta fara biyan kuɗin talla sai ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, yara da yawa a nan suke karaya su saida kyamara.

Mai saita dish, Sabon Gari:
Ya koyi wutar ma Alhaji, inbata da batir, situdiyo ba ta tafiya sai da su. In yana so ya riƙa zuwa shagona ranar Asabar mu fita aiki tare.