Me ke riƙe nas a asibiti, me ke sa zuciyarta ta fita daga aikin?

Tsohuwar matron: 'Ya'yana, ku fara duba rosta, wato jadawalin duti, kafin albashi. A asibitoci da yawa dutin safe da na yamma awa 6 ne zuwa 7, na dare kuwa yakan kai awa 12. Idan rosta ta fito kafin wata ya kama, aka raba dare da ranakun Sallah daidai, nas za ta tsara gidanta ta zo aiki da natsuwa. Amma a ce mutum uku ne kullum ke kwana, 'yan lele suna safe, to takardun rashin lafiya za su fara yawa. Daga nan sai neman canjin wuri.

Ungozoma, ɗakin haihuwa: Gaskiya ne Mama, sai dai ko rosta ta yi adalci, ƙarancin hannu na karya mutum. A ɗauki mai ciki mai jijjiga da aka ɗora kan maganin magnesium sulphate. Bayan allurar farko, duk awa 4 ana yi mata giram 5 a ɗuwawu, kuma kafin kowace allura sai an ƙirga numfashinta, an buga gwiwa an ga ƙafa ta motsa, an auna fitsarin da ya taru a jaka. Ungozoma ɗaya da dare, ga masu naƙuda biyu, ga wadda jini ya ɓalle mata, ga wuta ta ɗauke ana haska jijiya da tocilar waya. Allurar ƙarfe 2 takan koma ƙarfe 4. Da safe ita za a ba takardar tuhuma, ba wanda zai tambayi mutum nawa aka bari a ɗakin. Wannan takardar ta fi gajiya ciwo.

Nas, sashen gaggawa: Ga kuma kayan aiki, Sista. Babu safar hannu, babu kanula (allurar roba da ake sawa a jijiya), sai ka rubuta wa dangi su sayo a kemis. Kai ne a gabansu, don haka kai za su zaga, wani lokaci har da duka. Inda shugabanni ke fitowa su tsaya wa ma'aikacinsu, ma'aikata na zama.

Wakilin ƙungiyar ma'aikatan jinya: Kada mu raina kuɗi. Shekaru da dama alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata, sai a 2021 aka sake duba shi. Jihohi da yawa ba sa biyan CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na tarayya, cikakke, shi ya sa da an buɗe ɗaukar aiki a asibitocin tarayya irin su Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya, asibitocin jiha ke rasa ƙwararru. A 2024 NMCN, hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma, ta sa sharaɗin aikin shekara 2 kafin ta tantance mai son fita waje, alhali ƙarin girma na makalewa, kuɗin ariyas ba ya fitowa.

Tsohuwar matron: Ku ƙara da izinin ƙaro karatu. Wadda aka sake ta ta karanto jinyar yara ko aikin tiyata, in ta dawo a kai ta sashen da ta karanta. Sau da yawa sai a jefa ta ɗakin da babu ruwansa da takardarta.