Ƙaramar Ƙasa Mai Kuɗi da Kofin Duniya: Musayar Waƙa Tsakanin Katsina da Daura

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga maudu'in wannan makon. Kowa ya amsa da amsa-amon da ya ga dama, amma a tsaya kan batu.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba mu baki da iya cewa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Fiyayyen halitta a duniya.

Ƙasa 'yar mitsitsiya mai kuɗi,
Ba yawan jama'a, ba ta da faɗi,
Za ta iya taro ya yi daɗi,
Ta ɗauki kofin duniya?

Ni a wurina an gama magana,
Ƙatar ta yi, na gani da idona,
Wata guda cur dare da rana,
Aka tashi taro lafiya.

A Zurik, a Disamban 2010,
Aka kaɗa ƙuri'a har aka gama,
Amurka mai faɗi da girma,
Ƙatar ta bar ta a baya.

14 da 8 aka tashi,
Japan da Koriya sun sha kashi,
Ostareliya ta fi jin haushi,
Ƙuri'arta guda ɗaya.

Ku ɗauki faɗin jihar Katsina,
Ya ninka nata in an auna,
Gas ne rabonta, shi ta tona,
Ta sayar wa Turai da Asiya.

Filaye 8 ta yi shiryawa,
Jirgin ƙasa na kai da kawowa,
Ka ga wasan la'asar ba gajiyawa,
Ka riski na dare, ba nisan tafiya.

Wanda ke da ja ya fito fili,
Ya kawo hujja da dalili,
Kar a yi zagi ko ƙazafi ko zoli,
Mu bi juna da gaskiya.

'Yar Kusugu:

Wa alaikumus salam Yaya. Ga tawa daga Daura.

Yaya na karanta baitukanka,
Sai dai ba ka ƙarasa zancen ba.

Mai biki in ɗakinsa ya yi kaɗan,
Ba zai ƙi aron na maƙwabta ba.

To haka Ƙatar ta yi a 2022,
Ba ita kaɗai ta sauke baƙin ba.

Da yawa a Dubai suka yi masauki,
Ba su samu makwanci a Doha ba.

Jirgin sama ya kawo su da hantsi,
Ya mai da su, gari bai waye ba.

Wasu jirgin ruwa ne otal ɗinsu,
Yana ɗaure a gaɓa, bai motsa ba.

Wasu tanti, wasu ɗakin kwantena,
Kuma kuɗin ba ƙarami ba.

Gasar da aka saba Yuni da Yuli,
Zafin can bai bari an yi ta ba.

Sai Nuwamba, aka tsai da Firimiya,
Laliga ma ba ta tsira ba.

Duniya ta sauya kalandarta,
Don ƙasa guda, ba ka faɗa ba.

Sannan mai masaukin a cikin fili,
Ba ta fitar da mu kunya ba.

Ekwado ta zuba mata 2 ran buɗewa,
Senegal 3, ba ta ji tausayi ba.

Holan ta ƙara 2 ta sallame ta,
Ko maki ɗaya ba ta samu ba.

Kafin ita, mai masauki ya sha kashi
Wasa uku a jere, ba a taɓa ba.

Kuɗi sun gina fili, na yarda,
Ba su sayo ƙafar ɗan wasa ba.

Baba Malam na Rafindadi:

Madalla da ku. Ku bari tsoho ya koma baya kaɗan.

'Yata ta Daura ki saurara,
Ɗana na Sauri ka ɗan jira,
Tarihi ne zan muku ishara,
Gasar ga inda aka haife ta.

A 1930 aka soma,
Yurugwai ce, ba ta da girma,
Birni guda ya ɗauki hidima,
Montebidiyo, babban birninta.

Ƙasashe 13 suka hallara,
4 daga Turai suka ƙetara,
Kwanaki a teku ana ta jira,
Kuɗin jirgi da masauki duk nata.

Ta doke Ajantina a ƙarshe,
4 da 2, gaban ƙasashe,
Bakin 'yan ƙasar duk a washe,
Don ƙwallo na cikin jininta.

Ga Ikwatoriyal Gini kusa da mu,
Mai ta samu kamar irin namu,
2015 ta karɓi na nahiyarmu,
Da Maroko ta ji tsoron cuta.

Wata biyu kacal ta shirya,
Aka buga gasar, ba ƙarya,
Ran da Gana ta tare mata hanya,
'Yan kallo suka yi ta jifanta.

Don haka ba faɗi nake dubawa,
Tsari da tarbiyya nake aunawa,
Ƙatar a nan ta yi burgewa,
Ta riƙe addini da al'adarta.

An buɗe taro da Alƙur'ani,
Ayar sanin juna, kun sani,
Giyar 'yan kallo ta sha hani,
Turawa na ta ƙorafi a kanta.

Daren da Mesi ya ɗau kofi,
Bayan fenariti mai zafi,
Sarki Tamim ya yi abin da ya fi,
Alkyabba ya ɗauko ya yafa ta.

Mu 'yan ɗakin kara mun gane,
Karamci ne na manyan mutane,
Mai sukar wannan baƙo ne,
Fadar Katsina ta saba yin ta.

Direban Doha:

Baba a gafarce ni in sa baki a gaban manya. Ni ɗan Mai'aduwa ne, na yi tuƙin bas a can kafin gasar, ina kai leburori wurin gini ina dawo da su. Tunda aka fara zancen nan raina bai kwanta ba.

Baba kun yi zancen baƙin taro,
Akwai wanda ya riga su, ɗan aiki.

Ya zo tun filin yana rairayi,
Ya tafi kafin a fara biki.

Ni gonar gado na jinginar,
Ejan ya ƙirga kuɗin ya kai banki.

Albashin da ya faɗa mini a gida,
Rabinsa na tarar, na yi mamaki.

Fasfo ɗina mai kamfani ya riƙe,
Ka ce uffan a ce ka cika baki.

Gado kan gado muke kwana,
'Yan Nefal da Bangaladash a ɗaki.

Ga ɗan Kenya ga ɗan Gana,
Tukunya guda ke cika mana ciki.

Kafin asuba nake tada bas,
Su hau da gyangyaɗi, ba mai tsaki.

Hular kwano a cinya, gorar ruwa,
Ƙyalle a fuska don ƙura da hayaƙi.

Zafin Katsina na watan Afrilu,
In ka je can ka ce da sauƙi.

Iska ce mai ɗumi daga teku,
Kana tsaye gumi na bin jiki.

Wani ɗan Nefal na zama bayana,
Hoton 'yarsa a waya, yana ɗoki.

Ya ce in ya biya bashin ejan,
Zai koma ya gina mata ɗaki.

Wata safiya kujerar ba kowa,
An tashe shi, ba rai a jiki.

Takarda ta ce zuciya ce ta tsaya,
Aka rufe zancen, ba diyya ba haƙƙi.

Ajali ne, na yarda da ƙaddara,
Amma wa ya binciki zafin wurin aiki?

Ba zan ɓoye gyaran da aka yi ba,
Na gan shi, ya kawo ɗan sauƙi.

A 2020 aka sassauta kafala, mai ɗaure lebura,
Kana iya sauya uban ɗaki.

A 2021 aka yanka mafi ƙarancin albashi,
Riyal 1,000, ban da abinci da masauki.

Da bazara daga ƙarfe 10 zuwa 3:30,
Doka ta ce a ajiye kayan aiki.

Sai dai gini ya yi shekara 10,
Kafin gyaran ya iso wurin mai baƙin jiki.

Jagoran shirya gasar da kansa,
Hassan Al-Thawadi, ya buɗe baki:

400 zuwa 500 suka rasu,
A ayyukan da aka yi don bikin, ba tsaki.

Ƙasar da 'yan asalinta ba su da yawa,
Dole hannun baƙo ya yi mata aiki.

Siminti da ƙarfe kuɗi ke saye,
Mai ɗaga su mutum ne, yana da haƙƙi.

In za ku ce ta iya, ku ƙirga da shi,
Kafin ku yaba wa masauki.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Sannu ɗan uwa. Allah ya mayar maka da gonarka, ya ba iyalan abokinka haƙuri. Amma ina nan a kan bakata, ga dalili.

Haƙƙin lebura ba na musawa,
Wanda ya ci shi zai yi biyawa,
Sai dai surutun da Turawa ke yi wa
Ƙatar, da ƙyashi a zuciya.

Rasha ta yi a 2018,
Ba a yi mata rabin wannan ba, a tabbas,
Da Larabawa suka ce mu ma mun isa, kas,
Sai jaridu suka ɗau wuta gaba ɗaya.

Ka tuna ran da Maroko ta buga da Fotugal,
Gidan kallo ya cika har bakin kwalbal,
Janareta na kuka, zafi kamar a tafasa mangal,
En-Nesyri ya tashi sama ya sa kai ɗaya.

Benci ya karye, ba wanda ya kula,
Mai shayi ya bar tukunya da kula,
Yara suka bi titi da ihu da hula,
Afirka ta kai kusa da na ƙarshe, tarihi ya juya.

Beljiyam da Sifen duk sun faɗi,
Saudiyya ta ci Ajantina, ya yi daɗi,
Filin kamar gida, ga ganga ga kaɗi,
A Turai da wuya a samu wannan hanya.

Mu Gana ta hana mu tikiti a Abuja,
Muka zauna gida muna ta ja-in-ja,
Maroko ta share mana hawaye da hujja,
Muka ɗauke ta tamkar Najeriya.

Direban Doha:

Yaya, ƙwallon Maroko ni ma na yi tsalle,
Na san wanda ya zuba kankaren cikin.

Ƙyashin Bature daban, gawar lebura daban,
Kar ka rufe ɗaya da ɗaya a zancen bikin.

'Yar Kusugu:

Yaya Direba, Allah ya saka. Ka faɗi abin da ban sani ba sai a labarai. Ni kuma saura abu biyu: bayan taro, da kuma gaba.

Taro wata guda ne ya watse,
Fili ba zai bi baƙi ba.

Filin Lusail na cin mutum sama da 88,000,
Wasan lig ɗinsu ba zai cika shi ba.

Filin 974 da kwantena aka yi shi,
Don a kwance, ba don ya dawwama ba.

Mu ma mun ɗanɗana wannan a gida,
Ba sai an ba mu labari ba.

Filin Surulere da ya ga kofin Afirka na 1980,
Shekaru ya yi ba a kula shi ba.

Na Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003,
Ciyawarsa ba ta sha gyara kan lokaci ba.

A nan zan yi wa Ƙatar adalci,
Ba ta bar nata sun yi tsatsa ba.

Kofin Asiya ta karɓa a farkon 2024,
Kuma ba ta bar shi ya fita ba.

Jodan ta doke 3 da 1 a Lusail,
Wannan karon ba ta ji kunya ba.

Na 'yan ƙasa da 17 ta karɓa shekara 5,
Daga 2025, ba fashi ba.

Wannan shi ne daidai ƙarfinta,
Babban kuwa ba zai dawo ba.

Daga 2026 ƙasashe 48,
Ba 32 da muka saba ba.

Wasa 104 maimakon 64,
Fili 8 ba zai ɗauka ba.

Amurka da Kanada da Meziko,
Ko su ba ɗaya ta tsaya ba.

2030 Maroko da Sifen da Fotugal,
Haɗin gwiwa ne, ba na mutum ɗaya ba.

Don haka Yaya, Ƙatar ta shige,
Ƙofar ba ta jira na bayanta ba.

Baba Malam na Rafindadi:

'Yata kin yi lissafi mai kyau. Amma ki tuna 2034 Saudiyya ce ita kaɗai. Ita ba ƙarama ba ce, sai dai hannun da zai yi ginin daga waje zai zo, kuma mu nan muna da masu zuwa can da yawa. Ɗana Direba, kai ya kamata ka yi wa yaranmu magana.

Direban Doha:

To Baba. Ga ƙannena na Daura da Katsina da Mai'aduwa da Zango, don na san masu zuwa da zancen biza ba za su daɗe ba.

Ƙanena in ejan ya zo da daɗin baki,
Ka ce ya nuna takardar aiki.

Ka kai wa mai karatu ya duba,
Albashi nawa, awa nawa, wane ɗaki.

Sunan kamfani da garin da yake,
A rubuce, kar ka yarda da na baki.

Kar ka shiga da bizar Umara ka ɓuya,
Ran kamu ba mai sanin haƙƙi.

Kar ka jinginar da gonar gado,
Ka je da sana'a a hannu, walda ko tuƙi.

Ka ɗauki hoton fasfo da kwantiragi,
Ka bar wa yayanka kafin ka hau jirgi.