Ƙanena zai tafi karatu Indiya: me ya kamata mu shirya masa?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu gurbin karatun haɗa magunguna a wata jami'a da ke Greater Noida, kusa da Delhi. Yaro ne da bai taɓa wuce Sakkwato ba, daga Argungu sai makaranta. Hajiyarmu ta damu ƙwarai da batun abinci da sallah, ni kuma takardu ne ke ɗaure mini kai. Waɗanda suka san ƙasar, don Allah ku haska mana hanya.

Malam Na Gwandu:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Fara da takardu, don nan ne yara ke faɗawa rami. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Akwai kuma takardar tantancewa ta NDLEA da masu zuwa Indiya ke nema kafin biza, kada a bar ta sai ƙurarren lokaci.

Idan ya sauka, duk wanda bizarsa ta wuce kwana 180 sai ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, wato FRRO, cikin kwana 14. Ta intanet ake yi. Zai buƙaci hoton fasfo da biza, takardar shaidar ɗalibta daga jami'a, da Form C wanda mai gida ko shugaban ɗakin kwanan ɗalibai ke cikewa. Abin da ke ɓata lamarin shi ne yaro ya kama ɗaki wurin mai gidan da ba ya son cike Form C, kwanaki su ƙure, tara ta hau kansa. Don haka shekarar farko ya zauna cikin makaranta. In ya sauya gida daga baya, ya sanar da FRRO. Sabunta biza kuma ya fara tun da sauran wata biyu.

Sai abu ɗaya da nake so ka ja masa kunne a kai da kyau: kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na ɗan uwa ne, sai ya buɗe ya gani da idonsa.

Inna Yabo:
Ɗana, ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, rabin abincinmu yana can, suna ne kawai ya bambanta. Gero su bajra suke ce masa, dawa jowar, wake lobia, kuɓewa bhindi, tsamiya imli, mazarƙwaila gur, kindirmo kuwa dahi. Da garin bajra da dahi zai dama furarsa. Tuwo ya tuƙa da sooji, wato tsakin alkama, ko garin shinkafa. Kada a cika masa jaka da hatsi, asarar kilo ce.

Abin da za a ɗaura masa shi ne wanda ba zai samu ba: kuka kamar mudu biyu, daddawa, yaji, da busasshiyar kuɓewa. A shanya su su bushe ƙayau, a daka, a zuba a roba mai murfi, a rubuta suna a jiki. Daddawa a ninka mata leda biyu, in ba haka ba tufafinsa duk sai sun ɗauki wari. Daminarsu daga Yuli zuwa Satumba laima gare ta sosai, kuka in ta sha iska sai ta dunƙule ta yi fumfuna, don haka ya riƙa ɗiba kaɗan a ƙaramin gwangwani ya bar sauran a rufe. Kilishi da busasshen kifin Yawuri a haƙura da su, kwastan na iya ƙwacewa.

Ya sayi tukunyar nan mai fito, wato pressure cooker, da zarar ya isa. Waken da ya kwana a jiƙe, fito uku ko huɗu ya nuna. Ruwan famfo kuwa kada ya sha, sai tatacce ko na gora mai lita 20, don na famfon ne ke kawo wa baƙi gudawa da taifot.

Abu Hafsa:
Na ƙara a kan maganar Inna. Naman saniya kada ma ya tambaya, a jihar Uttar Pradesh, inda Greater Noida take, doka ta hana yanka ta, kuma abu ne da ke tada fitina. Akwai kaza, akuya da ɓauna a unguwannin Musulmi. Ya tabbatar halal ne, domin akwai yankan jhatka da ake sare kai lokaci guda. Wasu masu gida ba su yarda a dafa nama a gidansu ko kaɗan, a tambaya kafin a biya kuɗi.

Masallatai suna nan, amma akasarinsu Hanafawa ne. Zai ga suna jinkirta la'asar fiye da yadda ya saba, wuturi kuma raka'a uku suke haɗawa da sallama ɗaya. Ya bi liman, ba abin jayayya ba ne. Sau da yawa azumi da sallarsu kan zo kwana ɗaya bayan namu.

Zafin Mayu da Yuni ɗan Argungu ba zai ji baƙunci ba. Sanyin Disamba da Janairu ne zai ba shi mamaki, ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba, ga hazo, ɗakuna kuma babu abin ɗumamawa. Bargo da rigar sanyi ya saya can, sun fi araha. Ranar bikin Holi, wajen watan Maris, in ba ya son a watsa masa kala ya zauna ɗaki.

Ɗan Kabi:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Wane lokaci ya fi dacewa Hajiya ta riƙa kiransa?

Abu Hafsa:
Suna gabanmu da awa huɗu da rabi. In ta jira bayan isha'i, shi dare ya raba a wurinsa. Ta kira bayan la'asar ɗinmu, lokacin ya dawo daga aji ya ci abinci.