Kare Na'urar Sikanin Daga Katsalandan Ɗin Lantarki: Taƙaitawar Shawarwari

Masu gyaran kayan asibiti da suka tattauna wannan batu sun yi ittifaƙi cewa layukan da ke gilmawa a fuskar na'urar sikanin ba kullum ne alamar lalacewa ba. Na'urar tana aika sauti cikin jikin majiyyaci ne ta haɗa hoto da amon da ya dawo. Amon yana da rauni ƙwarai, kuma na'urar tana aiki ne a tsakanin megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti ko sigina) 2 zuwa 15 galibi, don haka siginar rediyo ko hayaniyar lantarki daga inbata, caja ko na'urar ƙona jijiya a ɗakin tiyata tana iya shiga ta wayar kan da ake gogawa a jiki, na'urar ta nuna ta tamkar hoto. Awon gudun jini na Doppler ya fi saurin ruɗewa.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa, kuma ita ce mafi araha, ita ce a riƙa kashe kayan lantarkin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, sannan a cire na'urar daga soket a gwada ta da batiri. Idan layukan suka ɓace da aka koma batiri, to ta wayar wuta matsalar take shigowa, sai a binciki wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa.

Game da saye, an ce a nemi shaidar cika ƙa'idar IEC 60601-1-2, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan jure katsalandan ɗin lantarki a kayan asibiti, wadda bugunta na 2014 ya buƙaci a nisanta wayar salula da na'urar da aƙalla santimita 30.